Sanƙarau da Riga-kafin Yara a Ƙasar Hausa, 1905 zuwa 2024

Gabatarwa

Kalmomi biyu su ne ginshiƙin wannan takarda, dukansu kuwa Hausa ce tsantsa. Ta fari ita ce sanƙarau, wadda ta fito daga sanƙarewa, domin wanda ciwon ya kama wuyansa ya kan ƙage, har ya kasa sunkuyar da kai. Ta biyu ita ce riga-kafi. Kafi shi ne shingen itace wanda mutanen da su kan kewaye gari da shi don tsoron mahara, har wa yau kuwa sunan bai ɓace ba, ga Kafin Hausa, ga Kafin Madaki. Wanda ya riga ya yi kafi, shi ne wanda ya gama shingensa tun mahara ba su taso ba.

Abin da za a nuna a nan shi ne, an yi shekara fiye da 30 ana yi wa mutanen ƙasar Hausa allurar sanƙarau da sunan riga-kafi, alhali kuwa galibi sai annoba ta shiga gari sa'an nan allurar ta iso, kuma in ta iso ba ta kama jikin ƙananan yara sosai. Tarihin wannan allura, tarihi ne na yadda aikin ya daɗe kafin ya cim ma sunansa.

Halin Cutar

Ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya suna da wani tantani da ya lulluɓe su. In ƙwayoyin cuta suka kai ga wannan tantani ya kumbura, shi ne sanƙarau. Ƙwayoyi iri uku su ne suka fi kawo shi ga yara. Biyu daga ciki, watau ƙwayar Hib da ƙwayar da ke kawo ciwon huhu, su kan ɗauki jarirai ɗai ɗai ko wane lokaci na shekara, ba hayaniya. Ta uku kuwa, wadda likitoci ke kira meningokokas, ita ce mai annoba. Wani likita a Janeba, Vieusseux, shi ya fara bayyana annobarta cikin 1805, sa'an nan Weichselbaum ya gano ƙwayar kanta a Biyana cikin 1887. Tana da dangi 12, amma shida ne ke ta da annoba, ana kiransu da haruffa: A, B, C, W, X da Y.

Mazaunin wannan ƙwaya maƙogwaron ɗan Adam ne. Mutum ya kan ɗauke ta wata da watanni yana lafiya lau, yana ba waɗansu ta hanyar tari da atishawa. In hunturu ya shigo, ƙura da busasshiyar iska su kan raunana cikin hanci da maƙogwaro, ga shi kuma sanyi ya tara mutane ɗaki guda an toshe ko wace kafa. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Daga nan sai ciwon ya yi ta hauhawa har tsakiyar bazara, cikin Maris da Afrilu, da ruwan fari ya sauka kuwa sai ya kwanta kamar an yi masa tsawa.

Alamunsa su ne zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da amai, da ƙagewar wuya. Ga jariri kuwa maɗiga ce ta kan kumbura. Ya kan kashe yaro cikin kwana guda. In ba a yi magani ba, rabin waɗanda suka kamu ko fiye su kan mutu. Ko da an yi magani, a kan rasa kamar ɗaya cikin goma, kuma cikin waɗanda suka tashi, kamar ɗaya cikin biyar ya kan tashi da kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin hankali.

Zamanin da Babu Kafi

Babbar annoba ta fari da aka rubuta labarinta a Nijeriya ta Arewa ita ce ta 1905, wadda aka gani a Zungeru, mazaunin Gwamna Lugga a lokacin. Daga 1906 zuwa 1908 ta yi ɓarna a arewacin Gwalkwas, watau Gana ta yanzu. Farfesa Brian Greenwood, wanda ya daɗe yana aikin likita a Zariya, yana ganin mai yiwuwa ne matafiya da alhazai suka zo da ita ta hanyar Sudan, inda aka yi annobar a ƙarshen ƙarni na 19. Ko ta ina ta shigo dai, da ta zo ba ta koma ba. Ta sāke tasowa daga 1921, ta kuma yi wata babbar tasowa cikin 1949 da 1950, tsakanin waɗannan da bayansu kuma ba a cika shekara goma ba a ji ɗuriyarta ba.

A farkon zamanin Turawa babu magani, sai dai a hana taro, a keɓe marasa lafiya a bukkoki bayan gari. A ƙarshen shekarun 1930 aka sami magungunan salfa, irin ƙwayar M&B, suka rage mace-mace ƙwarai. Amma magani na wanda ya riga ya kwanta ne, kuma kafin 1970 ƙwayar cutar ta fara gagarar salfa a wurare da yawa.

Cikin 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya buga bincikensa a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya. Ya nuna annobar tana bin wani zirin ƙasa kudu da Sahara, inda ruwan sama na shekara ya ke tsakanin milimita 300 da 1,100. Shi ne a ke kira zirin sanƙarau, wanda daga baya aka lissafa ƙasashe 26 a cikinsa, daga Sinigal har Habasha. Ƙasar Hausa, ta Nijeriya da ta Nijar, tana tsakiyar wannan ziri, ita ce kuma ta fi ko ina a cikinsa cikar jama'a. Dangin A ne ke kawo mafi yawan annobar zirin a wancan zamani.

Allurar Ɓawo

Ƙwayar sanƙarau tana sanye da wani ɓawo na sukari, da shi ne kuma a ke rarrabe dangi da dangi. Cikin 1969 Emil Gotschlich da abokan aikinsa a cibiyar binciken sojan Amurka ta Walter Reed suka tace wannan ɓawo na dangin A da na C, suka nuna in an yi wa mutum allurarsa, jininsa ya kan shirya abin yaƙar ƙwayar. An gwada allurar dangin A a Masar da Sudan a farkon shekarun 1970, ta yi aiki. Da annoba ta faɗa wa Barazil cikin 1974, kamfanin Mérieux na Faransa ya yi ta da yawa, aka yi wa mutum wajen miliyan 80 cikin 'yan watanni.

Ba a daɗe ba ta iso ƙasar Hausa. Mutane sun riga sun san lamba ta agana, sun kuma ga bindigar allura lokacin yaƙi da agana daga 1967, saboda haka abin bai zama baƙo ba. A annobar Zariya ta 1977, Greenwood da Whittle da abokan aikinsu na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi wa mutanen gidan waɗanda suka kamu allura, suka nuna tana hana ciwon bin gida. A Jihar Bauci kuma Dokta Idris Mohammed ya shugabanci yi wa jama'a allura gari gari daga 1978.

Amma allurar ɓawo tana da aibi uku. Na fari, ba ta kama jikin yaron da bai kai shekara 2 ba sosai, domin jikin jariri bai iya tuna ɓawon sukari shi kaɗai ba. Na biyu, ƙarfinta ba ya daɗewa. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka buga cikin 1985, ya nuna yaran da aka yi wa ita ba su kai shekara 4 ba, kafin shekara ta uku kāriyar ta kusa ƙarewa ƙaf. Na uku, ba ta korar ƙwayar daga maƙogwaro, watau wanda aka yi wa ya tsira, amma yana iya ba ƙanensa.

Saboda waɗannan dalilai ba a sa ta cikin jerin alluran jarirai ba, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa cikin 1974. Sai aka ajiye ta don ranar annoba. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce, in an sami mutum 15 cikin ko wane 100,000 sun kamu a mako, mako biyu a jere, to, annoba ta tabbata, sai a nemi allura. Kafin labari ya tashi daga ƙauye ya kai hedikwata, a gwada ruwan baya a gane dangin ƙwayar, a nemo kuɗi, a yi odar allura daga Turai, a raba ta cikin sanyi, sau da yawa damina ta kawo kai. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi ta yi shekara da shekaru.

Shekarar 1996

Annobar ta fara da Nijar cikin 1995. A nan ne kuma aka gano cewa cikin alluran da aka kai gudummawa akwai na jabu, har an riga an yi wa mutum fiye da 50,000. Da shekara ta kewayo sai ta auka wa Nijeriya ta Arewa, tare da kwalara da ƙyanda. Daga Janairu zuwa Yuni na 1996 an rubuta mutum 109,580 sun kamu, 11,717 sun mutu, ban da waɗanda aka binne a ƙauyuka ba a kai su asibiti ba. An yi wa mutum fiye da miliyan 13 allura, amma mafi yawa bayan cutar ta riga ta yaɗu. A Afirka duka, cikin 1996 da 1997, waɗanda suka kamu sun kai 250,000, matattu 25,000. Hukumomin Makka suka hana maniyyatan Nijeriya zuwa aikin Hajji a shekarar.

Cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer na Amurka ya aiko ma'aikatansa Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, suka gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani magani sananne. Yara 11 suka mutu, biyar daga kashi na fari, shida daga na biyu, waɗansu kuma suka tashi da naƙasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji a ke yi ba, ba a kuma nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya ce an nema da baki, kuma cutar ce ta yi kisan, ba maganin ba. Aka yi ta shari'a a Nijeriya da Amurka, har cikin 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, aka fara biyan iyalai cikin 2011.

Ya kamata mai karatu ya lura, Trovan magani ne na mara lafiya, ba allurar riga-kafi ba ce. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya tsorata. Da aka ta da jita-jita a kan ɗigon shan-inna cikin 2003, labarin 1996 yana cikin hujjojin da aka riƙa kawowa. Jihar Kano ta dakatar da ɗigon har Yuli na 2004, shan-inna kuwa ta bazu zuwa ƙasashe kamar 20 da suka riga suka rabu da ita. Darasin da masu aikin lafiya suka ɗauka, da tsada, shi ne ba a yin kafi sai da yardar masu gari. Daga nan aka mai da hankali ga sarakuna da malamai, har Sarkin Musulmi ya kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan harkar lafiya cikin 2009.

Allurar Haɗi

Maganin aibin allurar ɓawo ya daɗe da sanuwa. Tun cikin 1929 Avery da Goebel suka nuna in an ɗaura sukari a jikin furotin, jiki ya kan gane shi, ya kuma riƙe shi. Cikin shekarun 1980 Robbins da Schneerson suka yi amfani da wannan dabara suka yi allurar Hib wadda ta kama jikin jarirai. An gwada ta a Gambiya, ƙasar ta sa ta cikin jerin alluran yara cikin 1997, sanƙarau na Hib ya kusa ɓacewa a can. Ingila ma ta fara allurar haɗi ta dangin C cikin 1999. Amma dangin A, wanda ke kashe 'ya'yan talakawan zirin, babu kamfanin da ya ga riba cikin yi masa ita kaɗai a kan kuɗin da Afirka za ta iya biya.

Bayan abin da ya faru cikin 1996, shugabannin lafiya na Afirka suka matsa. Cikin 2001 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da dala miliyan 70, Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka kafa shiri na musamman, Dokta Marc LaForce ya shugabance shi. Da aka shawarci ma'aikatan lafiya na ƙasashen zirin, suka ce in kuɗin allura guda ya wuce rabin dala, kada ma a fara. Wannan sharaɗi shi ya tsara aikin duka. Aka samo dabarar haɗin daga ɗakin binciken hukumar magunguna ta Amurka, aka samo ɓawon farko daga wani kamfani a Holan, kamfanin Serum Institute na garin Pune a Indiya ya yarda ya yi ta a kan ƙasa da rabin dala. An ɗaura ɓawon dangin A a kan furotin ɗin allurar tetanas, aka gwada a Indiya, da Mali, da Gambiya, da Sinigal, da Gana, aka sa mata suna MenAfriVac.

Kafin ta fito sai da dangin A ya yi ɓarnarsa ta ƙarshe. Cikin 2009 an rubuta mutum 88,199 sun kamu a ƙasashe 14, 5,352 sun mutu, mafi yawa a Nijeriya da Nijar. Ran 6 ga Disamba 2010 aka fara gangamin sabuwar allura a Burkina Faso, Mali da Nijar suka bi cikin watan. Ko wane mutum daga shekara 1 zuwa 29 a ke yi wa, kuma a farkon hunturu, tun cutar ba ta motsa ba. Nijeriya ta yi nata kashi kashi daga 2011 zuwa 2014. A Cadi, inda aka yi wa mutum miliyan 1.8 a yankin Njamena a ƙarshen 2011, an gwada inda aka yi da inda ba a yi ba a bazarar 2012, aka ga sanƙarau ya ragu da kashi 94 cikin 100, ƙwayar kuma ta kusa ɓacewa daga maƙogwaron mutane. Cikin 2012 a ƙasar Benin aka nuna allurar tana jure zafi har digiri 40 na kwana huɗu ba ƙanƙara, abin da ya sauƙaƙa kai ta ƙauyukan da ba lantarki. Waɗanda aka yi wa ita a zirin sun wuce miliyan 350, bayan 2017 kuwa aka yi shekaru ba a tabbatar da dangin A ga ko mutum guda ba.

Amma gangami na waɗanda ke raye ran da aka yi shi ne. Ko wace shekara ana haihuwar miliyoyin yara da ba su gan shi ba. Saboda haka cikin 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a sa allurar cikin jerin na jarirai, sau ɗaya, tsakanin wata 9 da wata 18. Sudan da Gana suka fara cikin 2016, Nijar cikin 2017, Nijeriya cikin 2019, ana yin ta a wata na 9 tare da ta ƙyanda da ta shawara. Kafin wannan, Nijeriya ta riga ta shigar da allurar Hib cikin 2012, a cikin allura mai haɗi biyar wadda a ke yi a mako na 6, da na 10, da na 14, ta kuma fara ta ƙwayar ciwon huhu a ƙarshen 2014. Shekara 114 bayan Zungeru, aka wayi gari akwai allurar manyan ƙwayoyin nan uku tana jiran yaro a asibitin garinsu.

Sauran Dangi

An kashe maciji, amma ba a sare kansa ba. MenAfriVac dangin A kaɗai ta ke tsarewa, sauran kuwa sun riga sun nuna kansu. Dangin W ya ɓullo tsakanin alhazai cikin 2000, ya yi annoba a Burkina Faso cikin 2002; dangin X ya taso a Nijar cikin 2006. Cikin 2013 aka ga wani sabon nau'i na dangin C a Jihar Sakkwato, ya shiga Kabi, cikin 2015 ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar, har da birnin Yamai. A ƙarshen 2016 ya tashi daga Zamfara, kafin Yuni na 2017 an rubuta mutum fiye da 14,000 sun kamu a Nijeriya, fiye da 1,100 sun mutu, wajen rabin waɗanda suka kamu yara ne 'yan shekara 5 zuwa 14. Nan ma tsohon labari ya maimaita kansa: an makara wajen gane dangin, allurar da ke rumbun duniya kuma ba ta isa ba.

PATH da Serum Institute suka sāke haɗa kai, da taimakon kuɗin Gwamnatin Ingila, suka yi allurar haɗi mai tsare dangi biyar, A, C, W, X da Y. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita cikin Yuli na 2023, ta kuma ba ƙasashen zirin shawara su sa ta cikin jerin alluran jarirai. Nijeriya ce ƙasa ta fari a duniya da ta yi amfani da ita, cikin Maris na 2024, lokacin da dangin C ya taso a Jigawa, da Bauci, da Yobe. Nijar ta bi baya cikin shekarar. Abin lura shi ne, ko wannan karon ma annoba ce ta riga allurar shiga gari.

Kammalawa

In an duba wannan tarihi, za a ga zamani uku. Daga 1905 zuwa wajen 1970 babu kafi ko kaɗan. Daga nan zuwa 2010 akwai kayan kafi, amma sai an ji kururuwa a ke fito da su, kuma ba su tsare ƙananan yara. Daga 2010 aka sami allurar da ta cancanci sunanta. Majalisar Lafiya ta Duniya ta ɗauki alkawari cikin 2020 za a kawar da annobar sanƙarau kafin 2030.

Ko alkawarin zai cika, wannan ya rataya ga abin da ya fi ƙarfin ɗakin bincike. Ƙididdigar lafiya ta Nijeriya ta 2018 ta nuna kashi 31 cikin 100 ne kaɗai na yara suka sami dukan alluransu na farko, a Jihar Sakkwato kuwa kashi 5 ne. Allurar wata 9 ba ta zuwa da ganga da mai shela kamar ta gangami. Sai uwa ta goya ɗanta ta kai shi, da yardar mai gida, ta kuma tarad da ma'aikaci da allura a wurin. A nan ne malaman makarantun horon malamai ke da hannu a ciki, domin ɗaliban da su ke koyarwa su ne za su zauna ƙauyukan da likita ba ya kaiwa, su ne kuma mutane za su tambaya. In an tambaye su, ya kamata su iya faɗin abin da ya faru a Kano cikin 1996 ba ɓoye-ɓoye, su kuma iya faɗin abin da ya sa dangin A, wanda ya yi shekara ɗari yana ɗaukar yara ko wace bazara, ya daina zuwa.